Zauren Iyali: Wuni Guda a Bakin Tafkin Madarunfa

 

Abin da ya jawo maganar yau ƙarami ne. Wata rana ana cin abincin dare, uwargida ta kawo miyar kifi, sai muka tambayi autanmu, ɗan shekara 6, ko ya san inda kifi yake fitowa. Bai yi wata-wata ba ya ce daga cikin kwali, wurin mai ƙanƙara. Aka yi dariya, amma da muka kwanta sai abin ya tsaya mana a rai. Yaro ne da aka haifa a Maraɗi, tsakaninsa da tafkin Madarunfa kilomita 20 ne da ƴan kai, amma bai taɓa ganin masunci yana jan taru ba. Laifin ba nasa ba ne. Mu ne muka bar yara tsakanin gida da lakwal da makarantar allo, in an sami hutu kuma sai talabijin da wayar salula su ɗauke sauran lokacin. Don haka da hutun tsakiyar ɗari ya zo, muka kwashi yaranmu da na ƙanenmu, muka nufi kudu tun bayan sallar asuba. Abin da muka gani shi ne za mu kawo muku, tare da kuskuren da muka taɓa yi, don kada wani ya maimaita shi.

Da farko ya kamata mu san tafkin kansa. Ruwansa mafi yawa Gulbin Gabi ne yake kawo shi da damina, kuma yana da alaƙa da Gulbin Maraɗi, wanda yake tasowa daga ƙasar Katsina a Najeriya, ya shigo Nijar, ya ratsa ta Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da Gulbin Rima. Saboda haka abin da aka yi wa ruwa a can sama yana shafar mu a nan. Wajen shekarar 1990 aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina, kuma a wannan shekara ta 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kansa, har da na wannan gulbi. A 2006 Nijar ta shigar da tafkin, tare da gandun dajin da yake kusa da shi da kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a gewayensa, cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. A 2019 kuma aka sa shi cikin jerin Ramsar na wuraren dausayi masu muhimmanci, da faɗin da ya haura hekta 500. Mutanen nesa sun rubuta sunansa a littattafansu, mu da muke maƙwabtaka da shi kuwa sai mu shekara ba mu leƙa shi ba.

Mun fara da tafiya a ƙasa, tun rana ba ta yi zafi ba. Wanda ya saba da hayaƙin kabu-kabu da ƙurar kasuwa zai ji bambanci a ƙirjinsa tun kafin ya yi taku ɗari. Muka bi gefen garake inda ake noman rani, ga tumatir da albasa da salati da zogale, masu garka suna ta ban ruwa. Nan muka tsaya muka nuna wa yara abin da littafin lakwal yake faɗa musu da Faransanci ba su gane ba. Ga kuka ta kaɗe ganyenta ƙaf, ga gawo kusa da ita ya yi kore shar. Gawo shi ne itacen da yake zubar da ganye da damina ya tofo da rani, shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona: ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar taki ne, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. A bakin ruwa belbela ta yi fari fat, zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya yana jiran rabonsa, kirinjijiya suna tashi garke-garke da fitonsu. Cikin tsuntsayen da ake gani a wannan lokaci akwai baƙi, waɗanda suke gudo wa sanyin Turai, su ƙetare teku da hamada, su yi watanni a tafkunan ƙasashenmu kafin su koma. Yara suka tambayi shamuwa, muka ce musu sai gab da damina take zuwa.

Da muka biyo ta kusa da wasu daga cikin kaburburan, muka ce yara su sassauta murya, su bar guje-guje, muka yi sallama da addu'a kamar yadda ake yi a kowace maƙabarta, muka wuce.

Mu manya ma tafiyar ta amfane mu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babban mutum shawarar ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a mako, kuma kowa ya san yadda hawan jini da ciwon suga suka yawaita a gidajenmu. Uwargida, wadda ta ce ba za ta iya nisa ba, ita ce ta riga kowa kaiwa gindin tsamiyar da muka yi alkawarin hutawa.

Daga nan muka gangara wurin masunta, lokacin suna fitowa da kamun safe. Muka gaida wani dattijo da yake zaune yana ɗinkin taru, muka nemi ya bari yara su duba. Ya ce, “Bismillah, Malam, ai gani ya kori ji. Ku matso, jikokina.” Ya ɗaga musu tarwaɗa mai gashin baki, wadda take iya shaƙar iska, har ta daɗe a waje ba ta mutu ba. Ya nuna musu karfasa, ya buɗe bakin wata ya ce uwar a nan take ɗaukar ƙwanta har su ƙyanƙyashe. Ya ba su labarin gaiwa, wadda in ruwa ya janye sai ta nutse cikin laka ta lulluɓe kanta, ta yi watanni tana numfashi a hankali har ruwan sama ya sauka. Autanmu ya buɗe baki yana kallo, maganar kwali ta ƙare daga ranar.

Muka tambaye shi, “Baba, yaya su a bana?” Ya ajiye allurarsa ya ce, “Malam, kifin da munka kama muna samari, yaro guda ba shi ɗaukar shi. Yanzu dubi kwandon nan.” Sai ya sa yatsu uku cikin idon tarunsa ya nuna mana, ya ce haka iyayensu suka koya musu awo: idon da ya ci yatsu uku yana barin ƙananan kifi su fice, su girma, su hayayyafa. Amma akwai masu sa taru mai ido yatsa ɗaya, har da masu jan gidan sauro a cikin ruwa, su kwashe uwa da ƴaƴa. Tun dokar su ta 1998 hukuma ta hana su da guba da taru mai ƙananan idanu, kuma mai sana'ar su sai da takardar izni daga ma'aikatan gandun daji. Sai dai doka ba ta kwana a bakin ruwa. Mu masu saye muna da hannu a ciki, domin muddin muna rububin soyayyen kifi ƙanana saboda arha, mai gidan sauro ba zai daina ba. Gidan sauron kuwa an raba shi ne don ya kare yaro daga zazzaɓin cizon sauro, ga shi kuma an jiƙa shi da maganin ƙwari wanda ba ya yi wa kifi daɗi.

Dattijon ya ara wa yara fatsa, ya koya musu sa tana a ƙugiya. Nan muka ga abin da ba mu zata ba. Babban ɗanmu, wanda ba ya iya zama minti 5 wuri ɗaya, ya yi kusan awa guda shiru yana kallon zare. Karfasa biyu ya kama, ɗaya ƙarama ce ƙwarai, da kansa ya cire ta ya mayar cikin ruwa.

Sai maganar shiga kwalekwale, wadda ita ce yara suka fi ɗoki, mu kuma ita muka fi tsoro. Hausawa sun ce ruwa ba sa'an kwando ba ne. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. Don haka kafin kowa ya taka jirgi muka yi sharuɗɗa da mai tuƙi. Mun kasu gida biyu maimakon mu cika jirgin a tafiya ɗaya. Kowane yaro ya zauna a ƙasan jirgin, tsakiya, kusa da babba, domin kwalekwale yana kifewa ne idan nauyi ya hau sama ko ya koma gefe guda, kamar a ce mutum biyu sun miƙe tare don kallon tsuntsu. Ba mu sami rigar ruwa ba, sai muka shiga da bido biyu na lita 20, babu kome a ciki, an toshe bakinsu tam, an ɗaura musu igiya. Irin wannan bido yana iya riƙe kan mutum a saman ruwa har a kawo masa ɗauki. Muka kuma gaya wa manyan yaran cewa in wani ya faɗa, kada wanda bai iya iyo ba ya bi shi. A miƙa masa filafili ko a jefa masa bido, a yi kururuwa. Sau da yawa gawa biyu ake fitarwa a inda mutum ɗaya ya faɗa. Wanda yake da halin sayen rigar ruwa kuwa, ita ta fi, kada ya tsaya ga dabararmu.

Mai jirgin ya tura mu da doguwar gora inda ruwa bai yi zurfi ba, da muka yi nisa ya koma ga filafili. Ya ba mu muka gwada, jirgin ya yi ta juyawa wuri ɗaya, yara suna ta dariya, har ya nuna mana cewa na baya shi ne mai riƙe da hanya, kuma tuƙi a gefe guda kaɗai yana karkatar da jirgi. Muka ratsa cikin bado, ruwan ya kwanta luf. Da hantsi ya ɗaga, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai ya ce mu koma, ba mu yi masa gardama ba.

Yanzu ga kuskuren da muka ambata. Shekarun baya mun taɓa kai wani ɗan ƙanenmu wani tafki, muka bar shi ya yi ta wanka da tsakar rana. Bayan kamar wata uku ya fara fitsari da jini a ƙarshensa. Yaron ya ɓoye don kunya, da aka gane kuma wata tsohuwa a gida ta ce alamar girma ce, a ƙyale shi. Allah Ya sa muka kai shi likita, aka auna fitsarin, aka ce tsargiya ce. Ga yadda take yaɗuwa: mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen su ƙyanƙyashe su shiga jikin wata ƙaramar katantanwa, daga nan tsutsotsin da ido ba ya gani su fito su huda fatar wanda ya shiga ruwan, kuma sun fi yawa da tsakar rana. In aka bar ta shekara da shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda, tana rage wa yaro jini da ƙwazon karatu. Maganinta ƙwaya ce mai suna praziquantel, wadda Nijar ta fara rabawa ga yaran makarantu a 2004. Yaron ya sha ya warke, amma mu ba mu manta ba. A wannan tafiya ba wanda ya yi wanka, ba wanda ya tsoma ƙafa don wasa, kuma ruwan sha da na alwala daga gida muka zo da shi. Iyaye mata, ku ne yara suka fi gaya wa sirrinsu: jini a fitsari ciwo ne, ko ga namiji ko ga mace, a kai yaro likita.

Abu na ƙarshe da ya ɓata mana rai shi ne leda. Tana rataye a ƙaya, tana yawo a bakin ruwa, alhali tun 2014 aka kafa dokar hana ta a ƙasar nan. Tafkin kuma yana cikewa da yashi da laka a hankali, saboda an sare itatuwan da suke riƙe ƙasa, ruwan damina yana kwaso ta yana zubawa a ciki. Ba mu da ikon yashe tafki, amma kafin mu tashi mun ba kowane yaro buhu, suka tsince wurin da muka zauna da ɗan abin da ya zarce. Masu garka suna kallonmu, ɗaya daga cikinsu ya aiko wa yara da salati.

Shawararmu ga magidanta ita ce a ware wuni guda tsakanin Disamba da Fabrairu, a fita da sassafe, a komo gida kafin magariba, a tambayi mutanen gari halin hanya kafin a tashi. A tafi da mata da ƴaƴa mata, kada a bar su gida da wanke-wanke. A gaida masunta, a nemi izni kafin a taɓa jirgi ko taru, a sayi manyan kifi a bar ƙanana. Ƴan'uwanmu na Damagaram suna da Gidimuni, na Tawa suna da Tabalak, kowa ya duba ruwan da yake kusa da shi. Wanda ya je, muna roƙonsa ya rubuto mana abin da yaransa suka tambaya, za mu kawo shi a wannan zaure in Allah Ya yarda.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya tsare su a tudu da ruwa. Sai fitowa ta gaba. Wassalamu alaikum.