GYARA KAYANKA: Idan Amfilifayar Jita Ta Dusashe

  A 'yan watannin nan tambaya guda ce take ta maimaituwa daga wajen 'yan'uwa makaɗa, musamman waɗanda suka soma komawa gidajensu a Umdurman da Bahri da Hartum tun bayan da sojoji suka karɓe babban birnin a watan Maris na 2025. Mutum ya bar gida tun cikin Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke, ya dawo ya yi sa'a ɓarayi ba su ga amfanin tsohuwar amfilifayarsa mai bawul ba, sun bar masa ita a lungu. Ya jona ta da wuta, sai ya ji muryarta ta dusashe kamar mai mura, ga wata ƙara tana fita ƙaras-ƙaras, sai ka ce ana suyar gyaɗa a yashi. Tambayar ita ce: ta mutu ke nan, ko kuwa bawul za a saya?

Amsarmu a gajarce ita ce, yawanci ba ko ɗaya ba. A ƙasa irin tamu ƙura da zafi su ne manyan masu laifi, kuma maganin ɓarnarsu ba ya cin kuɗi mai yawa. Amma kafin mu shiga bayani, bari mu ɗan yi wa yara na yanzu ƙarin haske, don wasu sun rubuto suna cewa me ya sa ake wahala da tsohon akwati alhali ga na zamani cike da kasuwa.

Bawul dai wata 'yar kwalba ce mai kama da ƙwan fitila, an zuƙe iskar cikinta an like. Akwai zare a ciki wanda yake ja idan wuta ta shiga, shi ke ɗumama ƙarfen da ke sakin lantarki. Da irin wannan kwalba ake tafiyar da rediyo a zamanin da aka buɗe gidan rediyon Umdurman a 1940, kuma ta cikinta ne mutane suka fara jin muryar 'yar'uwarmu Aisha Falatiya a rediyo a 1942. Daga baya, da samari suka ɗauki jita mai lantarki suka soma kiɗan da mutanen Sudan ke kira jaz, wannan fasaha ce ta ɗaga musu sauti a gidajen biki. Sharhabil Ahmed, haifaffen Umdurman a 1935, wanda ake wa laƙabi da sarkin jaz na Sudan, shi ne ja-gaba a wannan fanni, matarsa Zakiya kuwa tana kaɗa jita a ƙungiyarsa a lokacin da ba a saba ganin mace da jita ba. Kamfanin Habibi Funk na birnin Balin ya sake fito da waƙoƙinsa a 2020. Makaɗin da ya saba da muryar bawul, da taushinta da yadda take ɗan kaurara idan an matsa mata, ba ya jin daɗin na zamani, kuma ga wanda da kiɗan biki yake ciyar da iyali, wannan akwati jari ne.

To, gargaɗi na farko, kuma muna roƙon mai karatu ya karanta shi sau biyu. A cikin wannan akwati akwai wutar da ta kai volt 400 zuwa 500, wato ninki biyu na wutar bango. Abin da ya fi haɗari shi ne, manyan kondansa na ciki suna riƙe wutar nan ko bayan an cire waya daga soket. Mutum zai ga ya kashe, ya zare waya, ya sha shayi ya dawo, ya sa hannu ciki ta jefar da shi. Saboda haka duk abin da ya shafi kwance ƙarfen ciki daga akwatin katako aikin usta ne, wanda ya san yadda ake sauke wutar kondansa ya auna da mita ya tabbatar. Haka kuma a duba wayar ƙasa, wato ta uku a filogi. Tsofaffin akwatunan Amurka da yawa ba su da ita. Wani makaɗin jita ɗan Sikotilan, Leslie Harvey, ya rasa ransa a kan dandamali a garin Swansea a 1972 don ya taɓa makirfo mai wuta a jikinsa. Idan mawaƙinka ya ce makirfo na cizon leɓensa, a tsai da wasa a duba, kada a ce ya daure.

Gargaɗi na biyu ya shafi akwatin da ya daɗe a ajiye. Kondansa irin wadda ke da ruwan magani a ciki takan bushe, kuma zafi ne ke saurin busar da ita. Masu ƙera ta sun ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba tsawon rayuwarta biyu. A tuna cewa a watan Mayu da Yuni zafin Hartum yana wuce digiri 40 a inuwa, balle ɗakin kwano da ya yi shekara biyu a kulle. Idan aka banka mata wuta gaba ɗaya tana iya fashewa, ta ja taransifoma su tafi tare. Dabarar tsofaffin masu gyaran rediyo ita ce a jera ƙwan fitila mai zare, na wat 60 ko 100, a kan layin wuta ɗaya kafin ya shiga akwatin. Idan ƙwan ya yi haske da farko sannan ya lafa, lafiya lau. Idan ya tsaya da haske tangaran, akwai gajeriyar hanya a ciki, a kashe nan take. Ƙwan zamani mai LED ba ya wannan aiki. Kuma ko kusa kada a kunna amfilifaya mai bawul ba tare da lasifika a jone ba, don taransifomar fitar da sauti takan ƙone, tana kuwa cikin mafiya tsada da wuyar samu a duk akwatin.

Yanzu sai binciken kansa. Mu a kullum daga waje muke farawa, daga abu mafi araha. A canza wayar da ke tsakanin jita da akwati, a gwada wata jitar in akwai. Mutane da yawa sun ɗauki akwati mai nauyin buhun gero sun kai shago, ashe dalma ce ta saki a kan filogin waya. Daga nan sai a auna wutar bango. Wutarmu volt 230 ce a ƙa'ida, amma da janareta ko layin da aka yi wa lodi takan faɗi ƙasa sosai. Zaren bawul yana son volt 6.3, idan wutar shiga ta ragu shi ma sai ya ragu, murya ta yi sanyi ba tare da wani abu ya lalace ba. Wanda akwatinsa na Amurka ne mai volt 120 ya duba taransifomar da yake rage wuta da ita, don idan ta yi ƙanƙanta ita ma tana shaƙe sauti.

Sai mu zo kan ƙura, wadda ita ce zuciyar maganarmu. Duk wanda ya ga habub ta taso wa Umdurman da la'asar ya san babu ƙofar da ke tare ta. Ƙurar nan mai laushi tana shiga ramukan filogi, tana shiga cikin abin murɗa sauti, tana kwanciya a ƙafafun bawul. Idan damina ta zo da ɗan raɓa sai ta haɗu da tsatsa ta zama ɓawo a kan ƙarfe. Siginar jita kuwa ƙarama ce ƙwarai, ba ta kai ko volt ɗaya ba a yawancin kiɗa, don haka ɗan dattin da ido ba ya gani ya isa ya tare ta ko ya riƙa yanke ta. Idan ƙarar tana tashi ne sa'ad da ake murɗa sauti, to abin murɗawar ne ya yi datti. A fesa masa maganin wanke mahaɗar lantarki, a murɗa shi gaba da baya kamar sau ashirin. Ban da man keke, ban da bakin mai, ban da kananzir. Mai yana kama ƙura, bayan wata guda abin ya fi da muni.

Akwai wani wuri da ko wasu ustoci kan manta da shi. Akwatunan da aka ƙera daga baya suna da ramuka biyu a baya, ɗaya na fitar da sauti zuwa na'urar ƙawata murya, ɗaya na dawo da shi. Idan ba a sa komai a ciki ba, wani ɗan harshen ƙarfe ne ke haɗa hanyar. Mai akwati yakan yi shekara goma bai taɓa ramukan nan ba, harshen ya yi tsatsa, murya ta riƙa faɗuwa tana dawowa da kanta. Gwajinsa ba ya cin ko sisi: a ɗauki gajeriyar waya a haɗa ramin fita da na shiga. Idan murya ta dawo garau, an kama ɓarawo.

Bayan wannan ne za a waiwayi bawul. A kashe, a zare waya, a bar su su huce, don kwalbar manyan takan kai digiri 200. A ciro ƙananan ɗaya bayan ɗaya a hankali, a goge ƙafafunsu, a mayar a sake cirewa sau uku ko huɗu don ƙarfe ya goge ƙarfe. A lura da tabon azurfa da ke cikin kwalbar. Idan yana ƙyalli, lafiya. Idan ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, wannan bawul ya gama aiki. Bayan an kunna, a ɗauki fensir na katako a ɗan ƙwanƙwasa kowane a hankali. Wanda ya amsa da ƙara ko kuwwa a lasifika shi ne abin zargi.

Ga wata hanya ta gane inda cutar take. A zare jita, a mai da sauti sifiri. Idan ƙaras-ƙaras ta ɗauke, matsalar tana gaban abin murɗawa, wajen bawul na farko. Idan ta ci gaba, tana can baya wajen manyan. Ƙananan bawul yawanci 12AX7 ne, wanda Turawan Ingila ke rubuta ECC83, mai ƙafa tara. Da yake akwati ɗaya yakan ɗauki uku ko fiye, ana iya musanya musu wuri a ji ko ƙarar ta bi ɗaya daga cikinsu. Sai dai a karanta lambar da kyau. A Fender Twin Reverb, misali, akwai 12AT7 guda biyu a cikin jerin, kamarsu ɗaya da 12AX7, ƙafafunsu ɗaya, amma wancan yana ninka sigina kamar sau 60 ne, wannan kuwa sau 100. Wanda ya sa 12AT7 a gurbin farko zai ji murya ta ragu ya ɗauka wani sabon ciwo ne.

Manyan bawul su ne ke tsufa da gaske: 6L6 a Fender, EL34 a yawancin Marshall, EL84 a Vox AC30. Bibbiyu suke aiki, ɗaya na turawa ɗaya na ja, don haka idan ɗaya ya mutu murya takan faɗi ta kuma yi kaushi. A kashe fitilar ɗaki a leƙa. Ɗan jan zare a tsakiya daidai ne, ɗan shuɗin haske a jikin gilashi ma ba laifi. Amma idan faffaɗan ƙarfen ciki ya yi ja kamar garwashi, a kashe a take. Waɗannan ba a canza ɗaya a bar ɗaya, kuma yawanci sai usta ya daidaita musu wutar da suke ja. Ya kuma duba rizistar da ke maƙale a gindin kowane, don idan bawul ya ƙone yakan tafi da ita, sai a sa sabo a ga babu canji a ce an sayar wa mutum jabu.

Abin da ya sa muke hana gaggawar saye shi ne, bawul ya zama kayan nema. Masana'antun da ke yinsa a duniya ba su da yawa: akwai ta Saratob a Rasha, akwai JJ a ƙasar Sulobakiya, sai wasu a Sin. Da yaƙin Yukuren ya tashi a 2022 farashi ya yi sama ko a Turai. Mu nan kuwa sai an yi saƙo ta hannun mai zuwa Alƙahira ko Jidda ko Dubai. Shawararmu ga mai sa hannu a aljihu ita ce, kada ya yar da tsohon bawul sai an tabbatar da mutuwarsa, kuma idan ya ga tsohuwar rediyo ko rikoda mai bawul ana zubarwa ya leƙa bayanta, don sau da yawa akan sami ECC83 ko EL84 da sauran ƙarfinsu.

Lasifika ma a duba ta. Ɓera da gara suna son takardarta, ƙura kuma tana shiga tsakanin maganaɗisu da naɗin waya ta riƙa gurzawa. A cire wayarta, a taɓa mata batirin tocila, in ta ce ɗas tana da rai. Inda suke biyu, a tabbata suna turawa gaba tare, don idan an juya wayar ɗaya sai su riƙa kashe wa juna murya.

Idan duk an bi waɗannan ƙarar ba ta tafi ba, to saura na ciki: tsofaffin rizistoci na gawayi da ke ciyar da ƙananan bawul, waɗanda sukan yi ƙaras-ƙaras idan sun ɗau zafi, ko kondansa mai yoyon wuta, ko dalma da ta tsage saboda jijjigar mota a hanyar biki. Wannan sai shago. A faɗa wa usta duk gwajin da aka yi, da ko ƙarar tana farawa ne da sanyi ko sai bayan minti goma, don wannan bayani yana rage masa rabin aiki, yana rage wa mai kaya rabin kuɗi. Kuma idan fis ya ƙone a sa mai lamba irin tasa, kada a naɗe shi da takardar azurfar kwalin taba kamar yadda wasu ke yi a tsakiyar biki.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake tayar da firjin da ya daɗe a kashe. Haza wasalam.