Giwayen Côte d'Ivoire: Wane ɗan wasa ne zai fi taka rawa a kakar 2025/26?

Ranar 15 ga Agusta 2025 aka buɗe gasar Firimiya ta Ingila. A farkon kakar 2025/26 Giwayen Côte d'Ivoire na da manyan ayyuka biyu a gabansu. A lokacin za su kare kofin CAN a Maroko daga 21 ga Disamba 2025 zuwa 18 ga Janairu 2026, sannan suna neman gurbi a gasar cin kofin duniya ta 2026, wadda rabonsu da ita tun 2014.

Shi ya sa musu ya yi zafi a majalisun Adjamé da Treichville, daga teburin mai shayi zuwa rumfar mai garba, kan wanda zai fi kowa taka rawa cikin 'yan wasan Emerse Faé. Musun bai tsaya ga fatar baki ba, domin matasa da yawa na kai kuɗin cinikinsu rumfunan cacar wasanni bisa sunan ɗan wasan da suka gani ya haskaka a makon jiya.

Hausawan Abijan sun san waɗannan 'yan wasa fiye da yadda ake zato. A daren 11 ga Fabrairu 2024, lokacin da Giwaye suka doke Najeriya 2-1 a filin Ebimpé, gidaje da dama sun rabu biyu, uba na bayan Super Eagles, 'ya'yan da aka haifa a Abijan na sanye da rigar lemo. Wata 18 bayan wannan dare, taurarinsa da yawa sun sauka daga inda suke a lokacin.

Abin da za a auna

Hasashen kaka guda yana tsayawa ne kan abubuwa uku: ko ɗan wasa yana da gurbi tabbatacce a kulob ɗinsa, ko kocinsa zai sa shi a wurin da ya fi iyawa, da kuma ko jikinsa zai ɗauki wata goma ana gwabzawa. A kakar 2025/26 akwai ƙarin nauyi, domin CAN ta faɗo a tsakiyar kaka. Wanda ya tafi Maroko zai iya barin kulob ɗinsa kusan wata guda, kuma idan gurbinsa na rawa tun farko, zai dawo ya tarar wani ya zauna.

Simon Adingra misali ne da ya isa. Shi ya farke wa Giwaye ƙwallo a minti na 90 a wasan Mali, shi ya ba da ƙwallayen biyu da aka ci Najeriya, aka kuma zaɓe shi matashin ɗan wasa mafi kyau a gasar. Da ya koma Brighton, sai sabon koci Fabian Hürzeler ya fi karkata ga Kaoru Mitoma da Yankuba Minteh, Adingra ya yawaita zama a benci. A watan Yuli 2025 ya koma Sunderland, wadda ta hau Firimiya a wannan shekarar. Zai samu damar buga wasa, amma a kakar 2023/24 da ta 2024/25 duk ƙungiyoyi shida da suka hau sun sake faɗawa, kuma ɗan wasan gefe a irin wannan ƙungiya yakan ƙare yana bin ƙwallo maimakon riƙe ta.

Amad Diallo: gwanin jama'a, gurbi na rawa

Sunan da aka fi ambata a Adjamé shi ne Amad Diallo, haifaffen Abijan mai shekara 23 a Agusta 2025, kuma akwai hujja. A kakar 2024/25 Manchester United ta ƙare a mataki na 15, amma Amad ya ci ƙwallo 8 a Firimiya, daidai da kyaftin Bruno Fernandes. Shi ya ci ƙwallon nasara a gidan Manchester City a watan Disamba, ya farke a Anfield ranar 5 ga Janairu, sannan ya zura uku a ragar Southampton cikin minti 12 ranar 16 ga Janairu. A watan ne ya tsawaita kwantiraginsa zuwa 2030.

Sai dai abubuwa biyu na rage ƙarfin wannan hasashe. Na farko lafiya. Raunin idon sawu ya zaunar da shi daga tsakiyar Fabrairu zuwa Mayu, kuma raunin gwiwa ne ya cinye masa rabin farko na kakar 2023/24, bai shiga tawagar da ta ɗauki kofi ba.

Na biyu shi ne Bryan Mbeumo. United ta saye shi daga Brentford bayan ya ci ƙwallo 20 a Firimiya, kuma shi ma ɗan ƙafar hagu ne da ke shigowa daga dama, wato daidai wurin Amad. A tsarin da Ruben Amorim ya yi amfani da shi a 2025 'yan wasa biyu ne ke bayan ɗan gaba, ga kuma Matheus Cunha an sayo domin ɗaya gurbin. Abin da ya rage wa Amad shi ne gefen dama gaba ɗaya, ya kai hari ya kuma dawo tsaro. Ya taɓa yin aikin kuma ya iya, amma wanda ke gudu daga wannan raga zuwa waccan ba ya yawan samun kansa a gaban gola da sauran numfashi. Ƙwallayensa na iya raguwa ko da wasansa ya ƙara kyau. Wani abin sha'awa, Mbeumo ɗan Kamaru ne, kuma an sa Kamaru a rukuni ɗaya da Côte d'Ivoire a Maroko, tare da Gabon da Mozambique.

Masu cin ƙwallo: sababbin gidaje, tsofaffin raunuka

Evann Guessand ya ci ƙwallo 12 a gasar Faransa, ya taimaka wa Nice ta ƙare ta huɗu, kuma a Agusta 2025 ya koma Aston Villa. A can Ollie Watkins ne ɗan gaba na farko, don haka Guessand zai fara ne da neman gurbi a gefe, a gasar da bai saba da ita ba.

Sébastien Haller, wanda ya ci ƙwallon da ta ba da kofi, ya yi rabin kaka aro a Leganés ba tare da ya ci ko ɗaya a gasar Sifaniya ba, kafin ya koma Utrecht a Janairu 2025. A Agusta 2025 yana da shekara 31. Karim Konaté, yaron ASEC Mimosas da ya fi kowa cin ƙwallo a Ostiriya a 2023/24 da ƙwallo 20, ya tsinke jijiyar gwiwa a Nuwamba 2024, kuma irin wannan rauni na ɗaukar lokaci ko bayan an dawo fili.

Akwai sunan da ya kamata a riƙe: Yan Diomandé, haifaffen Abijan, ɗan shekara 18 a Agusta 2025. Wasanni kaɗan ya buga wa Leganés, amma RB Leipzig ta biya yuro miliyan 20 ta ɗauke shi a Yuli 2025. Leipzig kulob ne da ya saba ba yara dama, sai dai a Agusta 2025 Diomandé bai taɓa buga wa babbar tawagar ƙasa ba, kuma ba a gina hasashen kaka guda kan wasannin da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Kessié, ɗan Stella

Mutanen Adjamé na da nasu ɗan gida. Franck Kessié daga Stella Club d'Adjamé ya tashi kafin ya tafi Atalanta a 2015, ya ci gasar Italiya da AC Milan a 2022 da ta Sifaniya da Barcelona a 2023. Shi ya farke da fanareti a wasan Senegal, shi ya farke da ka a wasan ƙarshe. Ranar 3 ga Mayu 2025 ya sake cin ƙwallo a wasan ƙarshe, lokacin da Al-Ahli ta doke Kawasaki Frontale 2-0 a Jidda ta ɗauki kofin zakarun Asiya. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma gurbinsa tabbatacce ne a kulob da ƙasa. Abin da ke rage masa maki shi ne gasar Saudiyya ba ta matsa wa ɗan tsakiya lamba kowane mako kamar yadda ake yi a Ingila ko Italiya, don haka da wuya a auna shi da sauran a mudu ɗaya.

Abin da alƙaluman tawagar ke nunawa

A wasanni shida na farko na neman shiga gasar cin kofin duniya, Giwaye sun samu maki 16, Gabon ta biyo da 15. Sun ci ƙwallo 14, amma 9 daga ciki a ragar Seychelles ne a wasa guda. A sauran biyar ɗin ƙwallo 5 kacal suka ci: biyu da ɗaya a wasannin Gambiya, ɗaya a ragar Gabon, ɗaya a ta Burundi, sannan canjaras babu ci da Kenya. A duka shidan ba a zura musu ko ɗaya ba. Tawagar da Equatorial Guinea ta lallasa 4-0 a Janairu 2024 yanzu da bayanta take cin abinci, kuma a nan ya dace a nemi ɗan wasan da zai fi tasiri.

Evan Ndicka

Ndicka, mai tsaron bayan Roma da ya cika shekara 26 ranar 20 ga Agusta 2025, ya buga kowane minti na wasanni 38 na gasar Italiya a kakar 2024/25, wato minti 3,420, ba rauni, ba dakatarwa, ba canji. Ya yi haka ne a kakar da Roma ta yi koci uku, kowannensu kuma ya bar shi a fili, har ƙungiyar ta ƙare ta biyar a hannun Claudio Ranieri. Wannan ya zo ne 'yan watanni bayan ya faɗi a fili a Udine ranar 14 ga Afrilu 2024, aka tsayar da wasa, daga baya likitoci suka gano matsalar huhu ce ba ta zuciya ba. Shi da Odilon Kossounou ne suka hana Victor Osimhen cin ƙwallo a daren Ebimpé.

A ma'aunan uku babu inda ya gaza. Gurbinsa tabbatacce ne, jikinsa ya nuna juriya, kuma kocin da Roma ta ɗauka a 2025, Gian Piero Gasperini, na amfani da masu tsaron baya uku, tsarin da ke buƙatar ɗan ƙafar hagu kamarsa, wanda ya saba da shi tun yana Eintracht Frankfurt inda ya ci kofin Europa a 2022. Gasperini ba baƙo ba ne ga 'yan Côte d'Ivoire. A hannunsa Kessié ya yi suna a Atalanta a 2016/17, shi ya fara sa Amad a wasa a 2019 yana ɗan shekara 17, shi kuma ya horar da Kossounou a kakar 2024/25.

Haɗarin da ke gaban Ndicka yana cikin tsarin kansa. Gasperini na so kowane mai tsaron baya ya bi mutuminsa har tsakiyar fili, kuma kuskure ɗaya na buɗe hanya zuwa raga. Idan aka haɗa da gasar Europa da CAN, nauyin wasanni zai fi na bara, ga kuma Ousmane Diomandé na Sporting da Emmanuel Agbadou, na Wolves a 2025, suna jiran dama a tawagar ƙasa.

Hukunci

Idan za a zaɓi mutum ɗaya, Ndicka ne ya fi kusa da kammala kaka a matsayin wanda ya fi kowa taka rawa, Kessié na biye da shi. Amad ne zai iya rushe wannan lissafi, kuma hanyarsa ta fi yiwuwa ta rigar ƙasa, inda babu Mbeumo, inda kuma Faé ke neman wanda zai buɗe ƙungiyoyin da ke tare gida.

Ba sai an jira Disamba ba kafin a ga alama. Wasannin United na farko za su nuna inda Amorim ya ajiye Amad, kuma a watan Satumba 2025 Giwaye za su je Gabon a wasan da zai iya yanke wanda zai tafi gasar duniya kai tsaye. Idan suka fito daga can ba a zura musu ƙwallo ba, hujjar Ndicka ta ƙara ƙarfi. Wanda kuma ke shirin kai kuɗin cinikinsa rumfar caca saboda wannan lissafi, ya tuna cewa a Fabrairu 2024 da an tambayi Abijan gaba ɗaya, Adingra za ta ce.