San motarka tun tana ƙofar gida



A garuruwan bakin teku na Faransa, wanda ya sayi jirgin ruwa irin mai tafiya da iska ba ya gaggawar barin tasha. Sai ya kwana biyu yana bin cikin jirgin lungu-lungu: ina famfon da ke kwashe ruwa in ya shigo, ina makullin kowane bututun da ya huda jikin jirgin, wane batiri ne na tayar da inji, wane ne na fitilu da rediyo. Dalili kuwa, a tsakiyar teku babu makanise.

Mu a Kelle ba mu da teku, amma duk wanda ya bar kwalta a Gure ya yi arewa, ya nufi ƙasar Kutus ko Taskar, ya san rairayi ma teku ne. Sai dai yaya muke yi? Ɗan kasuwa ko ma'aikaci ya tara kuɗinsa, a kawo masa mota ta hannu daga Kwatano, a gama da duwan, a yi takardu, a sha addu'a, washegari a ɗora kaya. Launinta aka duba, cikinta kuwa sai Allah.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami. Mako guda da sayen mota mai aiki da gazuwal, ta mutu mini tsakanin Gure da Kelle, rana tsaka. Awa huɗu ina zaune ƙarƙashin aduwa kafin wani dattijo direban kamiyo ya tsaya. Ya leƙa, ya ce: "Yaro, iska ce ta shiga bututun mai." Ya sassauta wani ɗan ƙusa, ya danna famfon hannu da ke kan matatar mai har kumfa ta ƙare, inji ya tashi. Na ce: "Baba, ban ma san da wannan famfo ba." Ya ce: "To ai ba taka ba ce tukuna, kuɗinta kawai ka biya."

Saboda haka, kafin tafiyar farko, a zauna da makanise yini guda a koyi waɗannan. Na ɗaya, hanyar mai: tanki, matata, da inda ake tsiyaye ruwan da ya gauraya da gazuwal, musamman ga masu sayen mai a kwalba. Na biyu, wuta: ƙaramar mota bolti 12 take ci, manyan kamiyo kuwa galibi 24, watau batiri biyu a jere, wanda ya haɗa su barkatai ya ƙone kayansa. A san akwatin fis, a riƙe na sauyi. Na uku, sanyaya inji: radiyato, bututunsa da bel ɗin fanka, kada a buɗe murfinsa yana tafasa. Na huɗu, rairayi: yadda ake sa giyar ƙafa huɗu, da rage iskar taya, da abin mayar da ita. Motocin zamani kuma kwamfuta ke tafiyar da su. A tambaya tun a Damagaram wa ke da na'urar karanta cutarsu.

Kada a ɗauka wasa ne. A watan Oktoba na 2013, arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, an tsinci gawawwaki 92, akasarinsu mata da yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan motocinsu sun lalace. Allah ya jiƙansu. Mai mota ba dukiyarsa kaɗai ya ɗauko ba, har da rayukan mutane.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. A buɗe bonet tun a ƙofar gida, a cika jarkokin ruwa, sannan a ce bismillah.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.