Baƙon Yamai, kada ka tsaya ga kasuwa da biro

Kowace safiya motoci na sauke ɗaruruwan mutane a tashoshin Yamai, daga Maraɗi, Damagaram, Tawa da Ƙonni. Wani ciwo ya kawo shi babbar likita, wani takarda yake nema a biro, wani kuwa sari ya zo yi. Da buƙata ta biya sai kowa ya ɗaure kayansa ya koma gida, yana cewa ya ga Yamai. Alhali kuwa abin da ya gani bai wuce kwalta da layin jira ba. Abin takaici ma, da yawa daga cikin mazauna birnin ba su fi shi sani ba.

Ya kamata a tuna cewa birnin nan bai faɗo daga sama ba. A shekarar 1926 ne Turawan Faransa suka ɗauke hedikwatar mulki daga Damagaram suka maido ta bakin kogin Isa. Ba su tarar da daji ba: akwai ƙauyuka na manoma, masunta da makiyaya, kowane da hakiminsa da makabartarsa. Lokacin samun mulkin kai, a 1960, mazauna Yamai ba su wuce wajen mutum 30.000 ba; ƙidayar 2012 kuwa ta same su sama da miliyan 1. Cikin wannan bunƙasa birnin ya haɗiye ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya, har yaran yanzu suna ɗaukar su unguwanni ne kamar kowace unguwa.

Mai son sanin gari sai ya fara da gidan tarihi na ƙasa, wanda jama'a ke kira Muze. An buɗe shi a 1959, yau yana ɗauke da sunan marigayi Bubu Hama. A wuri guda mutum zai ga tufafin Hausawa, Zabarmawa, Buzaye, Fulani da Barebari, da irin ɗakunan da kowace al'umma ke ginawa, da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da waɗanda aka tono a Gadufawa, cikin jihar Agadas. Nan ne kuma aka ajiye iccen Tenere, wanda ya daɗe tsaye shi kaɗai cikin hamada yana nuna wa ayari hanya, har wata mota ta kayar da shi a 1973. Maƙera da dukawa suna aiki a gaban idon mai kallo.

Daga nan gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ba ta da nisa. Kafin a yi ta, da jirgin ruwa ake ƙetarawa. A hayin kogi akwai Lamorde, tsohon mazaunin sarautar Fulani. Sunan kansa da Fillanci yana nufin wurin zaman sarki. A wannan gaɓa kuwa akwai Gudal ta wajen sama, da Gamkalle da Saga ta wajen gangaren ruwa, inda gonakin shinkafa ke shimfiɗe har bakin hanya. Wanda ya samu sarari ya ƙara gaba zuwa Bubon ranar Laraba zai ga kasuwar tukwane da tuluna, aikin hannun matan garin.

To amma duk waɗannan wurare suna cikin haɗari. Tsohuwar unguwar Gawai an tashe ta daga bakin kogi, inda aka gina babban otel a farkon shekarun 1980. Sunan ya saura bisa bango, amma mai wucewa bai san an yi gari a wurin ba. Babbar kasuwa ta ƙone a 1982, aka sake gina ta aka buɗe a 1987; ƙaramar kasuwa ita ma wuta ta cinye ta a 2012. Ambaliyar 2020 ta rushe gidajen laka masu yawa a unguwannin bakin kogi. Kowane tsoho ya kwanta dama a Gudal ko Saga, yakan tafi da labarin da ba wanda ya rubuta.

Babbar asara ita ce ta dajin da aka fara dasawa a 1965 domin ya kewaye birnin, ya kare shi daga iska da ƙura. Dogon yaro ne akasarinsa. Yau an yanka filaye cikinsa, an yi gine-gine, an maida wasu sassa juji. Masu neman fili suna cewa jama'a ta yi yawa, dole a samu wurin kwana. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin mai iyali ba ya kwana ƙarƙashin icce. Sai dai gida ana gina shi cikin wata 6, inuwar icce kuwa sai an jira shekaru. Wanda ya sha zafin watan Afrilu a Yamai ya san abin da aka rasa.

Saboda haka aikin na kowa ne. Ya kamata magajin gari da ma'aikatan gandun daji su kafa iyaka bayyananna ga abin da ya rage na dajin, su hana ba da fili cikinsa ko ga wane ne. Malaman lakkwal su riƙa kai yara Muze da tsofaffin ƙauyuka, su zauna gaban dattawa su rubuta abin da suka ji. A kafa alluna da Hausa da Zabarmanci da Faransanci a bakin kowane ƙauye, masu faɗin asalinsa. Shi kuma baƙo, in ya gama da likita ko biro, ya ba birnin yini guda kafin ya nufi tasha. Kuɗin takasi ne kawai, gani kuwa ya kori ji. Allah ya sa masu iko su duba tun da sauran abin dubawa.