Tsohon Agogon Amurka: Mai Gyaruwa Ya Fi Mai Wuyar Samu

Duk mai bibiyar na'urori ya san ƙarshen agogon zamani: bayan 'yan shekaru batir ya gaji, kamfani ya daina sabunta manhajarsa, shi ke nan sai durowa. Shi ya sa ba na mamakin masu tara tsofaffin agogunan hannu na Amurka, siraran nan na fita biki da ake yi wa wani da hannu, irin su Hamilton, Elgin da Waltham. Babu batir, babu caji. Sifirin ne da giyoyi, yawancinsu suna bugawa sau 18,000 a awa, wato sau 5 a daƙiƙa.

Inda na saɓa da su shi ne rububin "mai wuyar samu". Abin da ya ɗaga agogon Amurka tun shekarun 1850 shi ne dabarar Waltham ta ƙera sassa da inji, iri ɗaya sak, ta yadda za a cire na wannan a saka wa wancan. Elgin, daga 1864 zuwa 1968, ya ƙera miliyoyin injina. Wannan yawan ne ya sa har yau mai gyara yake samun safaya. Amma masana'antun nan duk an rufe su. Hamilton ma ya daina ƙira a Lancaster tun 1969. To ka ga, idan ka sayi injin da kaɗan aka yi, ranar da sandar balans ta karye, kuɗinka ya zama kayan ado.

Don haka ɗan'uwa, kafin ka biya a eBay, ka sa mai sayarwa ya buɗe bayan agogon ya turo hoton injin. Lambar da ke jikin injin ce ke nuna shekarar ƙira, ba ta murfi ba. Ka ware kuɗin wanki da mai, don sau da yawa sukan fi kuɗin agogon kansa. Idan kuma lambobin fuskar na da tsohon fentin haskawa a duhu, kada ka kankare shi: mai yiwuwa radiyom ne, wanda sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi.

Ka fara da Elgin gama-gari ko Hamilton mai inji 982. Masu wuyar samu kuwa, a bar wa 'yan gwanjo.