An Cire Harajin Caca, Amma Wa Ke Ƙirga Rayukan Matasanmu?

A watan Afrilun 2025 Shugaba John Mahama ya sa hannu a dokar da ta soke harajin kashi 10 cikin ɗari da ake cirewa daga kuɗin da mutum ya ci a caca a nan Ghana. Harajin ya fara aiki ne a Agustan 2023, kuma kafin zaɓen 2024 manyan jam'iyyun biyu duk sun yi alkawarin cire shi, domin sun san yawan matasan da ke buga cacar ƙwallo a waya, sun kuma san ƙuri'unsu. An yi ta muhawara a rediyo a kan abin da gwamnati za ta rasa da abin da ɗan caca zai samu. Duk maganar ta tsaya a kan wanda ya ci. Wanda aka cinye, wanda shi ne mafi yawa, ba a ko ambace shi ba.

Masana lafiya kuwa a kansa suka sa ido. A shekarar 2021 mujallar Lancet Public Health ta buga binciken Heather Wardle da Sally McManus a kan matasa fiye da 3,500 'yan shekara 16 zuwa 24 a Birtaniya. Cikin samarin da suka yi yunƙurin kashe kansu a shekarar da ta gabaci binciken, kashi 37 cikin ɗari caca ta riga ta kama su. Cikin waɗanda ba su yi yunƙurin ba kuma ba su yi tunaninsa ba, ba su kai kashi 4 ba. Ko bayan an yi la'akari da damuwa da kaɗaici da gaggawar hali, haɗarin ya ninka kusan sau tara ga samari, kusan sau biyar ga 'yan mata. A Suwidin ma wani bincike na 2018 ya bi waɗanda likitoci suka tabbatar suna da cutar caca, ya gano mutuwa ta hanyar kashe kai ta ninka sau 15 a cikinsu idan aka kwatanta da sauran jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, a rukuni ɗaya da jarabar ƙwaya.

Wani zai ce ai wannan ƙasar Turawa ce. Gaskiya ne. To amma wasannin Firimiya da yaron Landan ke zuba kuɗi a kansu, su ne yaron Nima da na Aboabo ke zubawa, kuma hanyar da ke kai mutum ga halaka iri ɗaya ce. Yana farawa da sidi biyu. Ya ci sau ɗaya, ya ɗanɗana. Sai a cinye shi, ya ce bari ya maido abin da ya rasa ya daina. Nan ne ramin yake. Kuɗin makaranta ya shiga, cinikin shagon maigida ya shiga, adashin uwa ya shiga, sai rancen waya mai ruwa. A da mai caca sai ya je wani lungu, a gan shi. Yau da MoMo a hannu, yana kwance a ɗaki da ƙarfe biyun dare yana zubawa. Mashayi ana jin warinsa, ana ganin tangaɗinsa. Ɗan caca yana iya tsayawa sahun gaba a sallar asuba alhali bashin da ke kansa ya fi abin da ubansa ke samu a shekara, ba wanda ya sani.

Wannan ɓoyon shi ne abin tsoro, kuma a nan ne ya kamata mu mutanen masallaci mu dubi kanmu. Hukuncin caca ba ya buƙatar muhawara. Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya ta haramta su tare. Abin lura kuma, aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, ta hana kashe kai, ta rufe da ambaton jinƙan Allah, duk a wuri ɗaya. Mu kan faɗi haramcin da ƙarfi, kuma daidai ne. Sai dai idan huɗuba ta ƙare a kan tsinuwa kawai, yaron da ya riga ya faɗa ciki zai fita da abu ɗaya a ransa: kada kowa ya sani. Ya ci amanar gida, yana jin kunyar Allah, yana jin tsoron mai bashi, sai Shaiɗan ya nuna masa cewa ƙofa ɗaya ce ta rage. Ba don bai san haramun ba ne ya kai nan.

Majalisar dokokin Ghana ta gane wani ɓangare na wannan a watan Maris 2023, lokacin da ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, domin wanda ke tsoron kurkuku ba ya zuwa asibiti. Haka wanda ke tsoron a tona shi a unguwa ba ya zuwa wurin liman.

Ya 'yan uwa, idan ɗanku ko ɗalibinku ya fara yawan neman rance, wayarsa ko keken ɗinkinsa ya ɓace ba bayani, ya daina barci, ya janye daga abokai, ko aka ji yana cewa gara ma ba ya duniya, kada a ɗauka shirmen yarinta ne. A keɓe da shi a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin, sau da yawa ita ke buɗe bakin. A zauna da shi a rubuta bashin duka, kobo da kobo, domin bashin da aka rubuta aka raba wa watanni ya fi wanda ke yawo a kai cikin dare sauƙi. Wani babba a gida ya riƙe masa MoMo na wani lokaci. Idan ya ce e, yana wannan tunanin, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar, ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin gunduma, ko Pantang da Asibitin Masu Taɓin Hankali na Accra ga waɗanda ke kusa. Faɗa da nasiha a kan kuɗin da ya salwanta su jira sai an dawo gida.