RAFIN JAKARA YA ISA DARASI A TARON MASANA

Akwai wani taro da masana ke yi duk bayan shekara 2, wanda aka fara a garin Santa Barbara ta ƙasar Amurka a 1989. Abin da suke tattaunawa shi ne ilmin wuri da lokaci, watau yadda za a adana labarin abu a kwamfuta tare da inda ya auku da ranar da ya auku. Kafin irin wannan taro akan yi shela, a ce duk malamin da ke da darasin da zai koyar, na sa'a 2 ko 3, ya aiko da takarda ya bayyana sunan darasin, da waɗanda zai amfana, da yadda zai tsara shi. Mu a ganinmu lokaci ya yi da malamanmu za su amsa wannan kira, darasin kuwa ga shi kwance a tsakiyar birnin Kano, watau Jakara.

Kada mai karatu ya zaci abin na masu kwamfuta ne kaɗai. A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa a Landan. Wani likita, John Snow, ya bi gida gida yana rubuta inda aka mutu da ranar mutuwar, har ya gane famfo guda ne tushen annobar, aka cire hannunsa. A nan gida ma, daga 2012 aka riƙa zana taswirar ƙauyukan Arewa daga hotunan tauraron ɗan'adam, ana ba masu rigakafin shan inna wayoyin da ke nuna inda suka taka. Unguwar da aka tsallake sai ta fito fili. A watan Agusta 2020 aka shaida cewa asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka.

To, me ya sa muka ce Jakara? Domin da wuya a sami wuri a ƙasar Hausa mai dogon labari a rubuce kamarta. A bakinta Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa Kasuwar Kurmi. Clapperton ya zo a 1824, ya ce fadama ce ta raba birnin biyu. Barth ya zo a 1851, ya sa ta a taswirarsa. Trevallion ya tsara shirin raya Kano na 1963 zuwa 1983. A 1976 aka datse ruwanta a Wasai. A mulkin Gwamna Kwankwaso na biyu (2011 zuwa 2015) aka soma rufe rafin don shimfiɗa titi a kansa. Cikin wannan tsawon zamani kududdufai masu yawa da ke shanye ruwan damina an cike su an yi gini. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. In Agusta ta zo, gidan talaka na ƙasa shi ke biyan bashin.

Abu 3 muke so darasin ya ƙunsa. Na farko, yadda za a ɗora tsohuwar taswirar hannu a kan hoton yau. Dabarar ita ce a kama abin da ba ya gusawa, kamar Dala da Goron Dutse da Gidan Rumfa, a daidaita su, sa'an nan a duba abin da ya sāke a tsakaninsu. Na biyu, yadda za a yi da garin da ake kwatance da sunan unguwa da masallaci da gidan mai unguwa, inda takarda ɗaya ke da shekarar Hijira, wata kuma ta Miladiyya. Na uku, sha'anin yanayi. Wanda ya gwada hoton kududdufi na watan Afrilu da na Agusta zai rantse ya ƙaru, alhali kuwa raguwa yake yi. Tilas a gwada rani da rani, damina da damina. Masanan Turai sun fi mu na'ura, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mun san za a ce kuɗin jirgi da biza sun fi ƙarfin malami. Gaskiya ne. Amma rubuta takardar ba ta cin komai sai himma, kuma darasin da aka shirya ba ya ɓata. In ba a je ba, a karantar da shi a Jami'ar Bayero, a gayyato ma'aikatan ƙasa da safiyo da na lafiya.

Akwai kuma jan kunne. Taswirar da ke nuna gidan mai ciwo, in ta faɗa hannun banza, tonon asiri ce. Wadda ke nuna gini a kan hanyar ruwa tana iya zama dalilin rushe gidan marar galihu a bar na mai hali. Darasin da bai koyar da amana ba bai cika ba.

Daga ƙarshe, ga ma'aikatan ofis da malaman makaranta. A farkon zamanin Turawa malaman taki na En'e da ƙafa suke auna gonakin Kano, su rubuta a littafi. Aikinku ke nan a yau. Kowace takarda ta bi ta hannunku, a sa mata wuri da kwanan wata, a kuma ajiye ta inda gara ba ta kai. Malami ya sa 'yan ajinsa su rubuta ranar da ruwa ya shiga lungunsu da inda ya tsaya a jikin katanga. In an jure shekara 10, mun sami abin koyar da duniya, mun kuma sami hujjar da za mu kai gaban hukuma kafin a cike kududdufi na gaba. Allah ya sa mu dace, amin.